Kwamfuta Mai Tozo

Ƙamshin man kaɗe da aka murza a tafin hannu har ya narke, shi ne abin da na fi riƙewa daga wannan rana. Ko yanzu in na wuce mai sayar da shi a bakin kasuwa, sai in ji wuyana ya sunkuya da kansa, kamar gwiwoyin Iya suna nan suna jiran kaina. Kun sha jin ana faɗa a gidanmu na Zongon Kotonu cewa akwai shekarar da ni da kawunku Sani ba ma ga maciji saboda wata kwamfuta, wai shi ya so ya hana ni karatu. Ba haka aka yi ba, kuma tun kafin maganar ta daskare a kanku gara in faɗa muku yadda aka yi.

Shekarata ce ta ƙarshe a jami'ar Kalabi, ina rubuta memwar, wato littafin binciken da ake miƙawa kafin a ba mutum takardar kammalawa. Ƙasar ta daɗe da komawa mulkin zaɓe, gidajen rediyo sun yi yawa, kowa yana buga waya ya faɗi abin da ke ransa. Baba in ya dawo daga tashar manyan motoci, rediyo ne a kunnensa har ya gama cin tuwo, yana musu da mutanen da ba sa jinsa. Iya, mahaifiyarsa, tana daga ƙofar ɗakinta sai ta ce kowa ya samu baki, kunne ne ya yi ƙaranci a ƙasar. Ni kuwa memwar ɗina a kan matan Zongo ne, waɗanda suka biyo ayarin goro da kanwa har suka sauka bakin teku, kuma babbar rijiyar da zan ɗebo ita ce Iya.

A gidanmu ba a rubuta asalin mata, kitsa shi ake yi. Kaka ta zaunar da jikarta tsakanin gwiwoyinta, kowane layin kitso da sunan mace guda: garin da ta taso, abin da ta ɗauko a ka, wanda ta binne a hanya, waƙar da take yi wa ɗanta. Da zarar tsinken kitso ya taɓa kai, wadda ake yi wa ba ta ɗaga kai, ba ta miƙa hannu, ba ta magana, kuma ba a yarda wani mutum na uku ya zauna ba. Haka ake maimaitawa shekara da shekaru har yarinya ta haddace. Iya maza kaɗai ta haifa, ni ce jikarta mace ta farko. Sai dai lakwal, wato makarantar boko, ta shiga tsakani. A zamaninmu 'yan mata 'yan makaranta aske musu kai ake yi ƙwal, duk shekarun da ya kamata in zauna gabanta ba ni da gashin da za a kama. Da na shiga jami'a gashina ya tsiro ya cika, yatsunta kuma suka kangare da sanyin ƙashi. Wata rana tana shan iska ta ɗaga hannuwanta ta dube su kamar baƙi.

"Ƙawata," haka take kirana, "kitso guda ya rage a hannun nan. In kin kama, kin kama. Kafin ruwa ya yi nisa babanki zai mayar da ni garinmu Zugu, can nake so ƙasa ta rufe ni."

Na san kaina. Ni mai yawan tafiya ce ina zaune, kalma guda mai daɗi takan ɗauke ni ta kai ni wani gari, kafin in dawo an wuce mata uku. Ji ɗaya ba zai ishe ni ba. Na ce mata akwai na'urar da za ta iya ɗaukar muryarta.

"Tana da surutu?"

"Sauraro kawai take yi, Iya."

"To ta fi ku hankali. Ta zauna."

Rikoda mai kaset ba za ta yi ba, domin sai an juya kaset, ni kuma hannuna a ɗaure yake da doka. Ɗakin Iya ba a taɓa ja masa wuta ba, ta ƙi, kuma ko da an ja, shekarar ce da ɗauke wuta ya zama abincinmu, sai a wuni a kwana fanka ba ta juya ba. Abin da nake bukata shi ne kwamfutar cinya wadda batirinta zai riƙe tun daga hantsi har rana ta karkata, ba tare da an taɓa ta ba.

Baba ya riga ya yi alkawarin kwamfuta guda a gidan, guda tak, ni in yi memwar, Yaya Sani ya yi sana'a. Shi a lokacin zem yake ja, acaɓan Kotonu, da rigarsa ruwan ɗorawa wadda rana ta kashe wa launi. Burinsa ya ajiye babur ya riƙa haɗa fim ɗin biki da suna yana sa wa mutane a faifai. Ya riga ya samu abokin da zai ara masa kyamara, har sunan shago ya raɗa. Aikinsa yana son babbar na'ura mai faɗin fuska, mai katin hoto na musamman, mai wurin ƙona faifai. Ni kuma na yi makonni ina zama a siba, shagon intanet na bakin jami'a, ina karanta abin da ke cinye batir, kuma duk abin da na karanta sai in ga kamar jerin kayan Yaya ne aka rubuta. Faɗin fuska da haskenta su ne manyan maciya. Katin hoto na daban kamar baƙo ne mai ci da hannu biyu. Prosesa, injin tunanin na'urar, in mai gudu ce zafi take yi, zafi ya ta da fanka, fanka ta sha nata rabon. Abin da ya dace da ni ƙaramar fuska ce, da prosesa mai tafiyar hawainiya wadda aka yi don tattalin wuta, da isasshiyar ƙwaƙwalwar aiki don kada faifan ciki ya yi ta juyawa, sai batir mai ɗakuna da yawa wanda bai tsufa ba. Ina karantawa na ga babu na'urar da za ta ɗauke mu mu biyu.

Ran da muka je unguwar Bedoko sayen kwamfutar, shi ya goya ni. Butik ɗin, wato shagon, na wani Badamagare ne, Malam Isiyaku, mai sayar da kwamfutocin da aka yi amfani da su a Turai. Muna shiga idon Yaya ya faɗa kan wata baƙa mai sheƙi, faɗinta kamar faranti, aka kunna masa fim sauti ya cika shagon. Ni kuwa can ƙasan kanta na hango wata 'yar toka-toka, gefenta ya ɗan goge, ba ta da ko wurin sa faifai. Na tambaya ko akwai babban batirinta. Malam Isiyaku ya ɗauko wani daga kwali ya maƙala mata, sai ga shi ya turo ta baya ya ɗaga mata ƙugu.

Yaya ya tuntsire da dariya. "Dije, wannan ai saniya ce. Dubi tozo. Kai ta kara, kasuwar dabbobi, wajen 'yan arewa, su ba ki akuya biyu."

"Tozon ne ake saye, Yaya. Da shi take tsallake rani."

"Malama ta san kaya," in ji Malam Isiyaku, "amma babbar ta fi riba, ni ina bayan maigida."

Na tambaye shi tsawon lokacin da babbar take yi ba waya. Ya karkata kai ya ce za ta kai mutum ƙarshen fim in fim ɗin ba na Indiya ba ne. Ƙaramar kuma ya rantse za ta wuni. Na ce ba rantsuwa na zo saye ba. Na roƙe shi ya cika su biyun, ya zare wayoyinsu, in kunna ɗaukar murya a kowacce, in zauna in gani da idona, tunda tsohon batir yakan nuna a cike yake alhali cikinsa rami ne. Ya dube ni ya dubi Yaya.

"Ƙanwar taka saye ta zo yi ko zaman makoki?"

"Haka take tun tana ƙarama," in ji Yaya. "Ko ƙosai aka ba ta sai ta yi masa tambayoyi."

Na rage hasken fuskokin biyu daidai wa daida, na kashe neman intanet a kowacce don kada a ce na yi son kai, na zauna a benci. Suka yi ta ɗaukar hayaniyar titi, da ƙahon zem, da muryar mai tallan burodi. Tun kafin a kira azahar babbar ta yi ƙara sau biyu ta rufe ido. Muka je muka yi salla muka dawo, ƙaramar tana nan. Aka kira la'asar tana nan, 'yar fitilarta tana ƙiftawa a hankali kamar numfashin jariri. Yaya ya daina zolaya. Ya fita waje ya buga wa Baba waya, ya dawo ya miƙo mini. Baba ya ce shi ba ya raba gardamar abin da bai sani ba, amma karatu ne a gaba, Hadiza ta zaɓa.

Ina so ku fahimci wannan wurin sosai. Ba a tilasta mini ba, kuma na san abin da nake yi. Na dubi rigar Yaya, na dubi bayan wuyansa da rana ta ƙone, na san in na nuna ƙaramar na mayar da shi kan babur har sai abin da hali ya yi. Na tuna hannuwan Iya. Na nuna mai tozo. Ya karɓi jakar ya rataya mini a kafaɗa da kansa, muka hau, tun daga Bedoko har ƙofar gida idonsa na kan hanya kawai, shi da ko a jar wutar titi aka tsaya sai ya tsokani na kusa da shi. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. In ya tarar da ni ina bugawa a tsakar gida sai ya ce, "Ana kiwo?" ya wuce. Inna, mahaifiyarmu, ta yi ta faɗa, ta ce 'yan uwa ba sa ɓatawa a kan ƙarfe. Shi dai ban ƙara ganin ya taɓa na'urar ba.

Iya ta sa ranar Juma'a, domin Asabar da sassafe motar Baba za ta tashi da ita zuwa Zugu. Ran Laraba taransifomar unguwarmu ta yi ƙara ta ƙone. Na ɗauka abin kwana guda ne, kuma malamina yana jiran babi, na yi ta rubutu a kan batir. Ran Alhamis da yamma na yi shirin kai na'urar wani wuri a cika, sai sama ta buɗe. Kun san ruwan Kotonu, ba ya neman hanya, titi yake mayarwa kogi. Kafin magariba ruwa ya kai gwiwa a layinmu, babu zem, babu taksi, mai janareton da ke kusa da mu nasa ya sha ruwa. Na duba, abin da ya rage a batirin ko rabin kitson ba zai kai ba, balle ƙarshensa. Na je na roƙi Iya a ɗaga ranar.

"A ɗaga zuwa yaushe, ƙawata? Mota ba ta jira, hannu ba ya jira. In abokiyarki ta gaji, ke ki buɗe kunne. Mu da me muka riƙe?"

Na sa mai tozo a caji duk da na san bango a mace yake, na bar ta a kan teburin zaure, na kwanta ina lissafin matan da za su ɓace mini. Da gari ya waye ruwa ya tsagaita. Na fito na same ta inda na bar ta, wayarta a bango. Na buɗe don in ga abin da ya saura, sai na ga batir a cike taf. Na taɓa makunnin fitila, babu wuta. Na ruga madafa na tambayi Inna ko an kawo wuta muna barci.

"Ni ina na sani, barci nake," ta ce, tana fifita gawayi ba ta dube ni ba. "Abin da Allah ya kawo ki ce alhamdu lillahi."

Na ce alhamdu lillahi. A lokacin masu gyara sukan leƙo da wuta su ɗauke ba wanda ya sani, ban sa komai a raina ba.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a ɗakin Iya. Na ɗora mai tozo a kan kujerar tsakar gida kusa da bakinta, na rage hasken fuskar har ya kusa mutuwa, na kashe duk abin da ba ɗaukar murya ba, na danna, na zauna. Ta murza man kaɗe, ta tsaga gashina, ta yi bisimilla. Muryarta ta canza, ta zama ta wata mace da ban taɓa sani ba, mai kauri, mai tafiya kamar jaki da kaya. Ta fara da wadda ta baro Katsina da kanwa a bayan mijinta ta dawo ba shi. Ta zo kan wadda ta haihu a gindin kuka ayari bai tsaya ba, ta cim musu da jariri a zane. Da wadda ta iya harsuna har sarakunan hanya suna aikowa a kira ta. Da wadda ta fara ganin teku ta ce wannan kogin ba shi da mutunci, ba shi da tsallake. Yatsunta suna tafiya da ƙyar a kaina, wani lokaci sai ta daɗe a layi guda tana nishi, amma bakinta bai tsaya ba. Kaina yana sunkuye, ba na ganin na'urar, sai ɗan koren haskenta da ke faɗowa a kan siminti kusa da ƙafata. Shi na zuba wa ido. Na ji an kira sallar Juma'a, na ji maza sun fita, na ji sun dawo suna kakkaɓe laima. Hasken yana nan. Can ya koma ruwan lemo, alamar ta fara jin yunwa, a lokacin Iya tana kan mahaifiyarta. Ta kama layin ƙarshe na bayan kunnena, ta faɗi sunanta da kanta kamar na wata baƙuwa, ta faɗi 'ya'yan da ta binne, waɗanda ko Baba bai taɓa ambata mana ba. Sannan ta ɗaure bakin kitson ta ce, "Sai Hadiza, wadda aka aske, gashinta ya dawo." Ta dafa kaina.

"Tashi. Abokiyar taki tana da rai?"

Na duba. "Da sauran numfashi, Iya."

"To ta fi ni. Kawo mini ruwa."

Washegari ta tafi Zugu, ba ta sake ganin wata damina ba. Na kammala memwar, na samu aikin koyarwa. Muryar da nake kunna muku duk shekara, wadda ke, Maryam 'yata, kika haddace tun kafin in fara yi miki kitson ba tare da na jira jika ba, ita ce ta wannan rana. Kawunku kuwa ya ci gaba da jan zem wasu shekaru kafin ya buɗe shagonsa. Na tuna makon da Iya ta tafi ya kwanta da mura mai zafi, babur ɗinsa kuma ya yi kwanaki wajen makanike, ya ce ruwa ne ya shige shi a wurin aiki. Sannu a hankali muka koma wasa da dariya, ba wanda ya ba wani haƙuri, ba mu kuma sake tayar da maganar ba.

Sai a bikin 'yarsa ta fari, ni kaina na fara furfura, wani dattijo Bafone, ɗan asalin ƙasar, ya zo gaisuwa, Kojo, tela ne a unguwar Huyiho, abokinsa tun suna samari. Da aka ce masa ni ce ƙanwar Sani, sai ya riƙe baki yana dariya, ya ce da Hausarsa ta kasuwa:

"Ke ce mai saniya? Ranar babban ruwan nan wanki ya buga mini ƙofa, babur ya mutu masa a hanya, ya turo shi cikin ruwa har ƙugu, abin yana kansa a cikin leda kamar mai tallan kifi. Ya ce layinmu ne kaɗai ke da wuta. Ya zauna jiƙe yana gadin fitilar har ta zama kore, ya ɗauka ya koma a ƙasa. Ya ce in na faɗa wa wani zai ƙona mini keken ɗinki."

Na waiwaya. Kawunku yana can bakin rumfa yana yi wa masu ɗaukar hoto faɗa a kan inda suka kafa kyamara. Aka ce masa ina kira, ya ɗago hannu daga nesa ya ce in jira, yana aiki.